Babbar A-kori-kura

Ranar da Fuseini ya kawo ta daga Tema
ban fara taɓa ta ba,
zagaye ta na yi sau biyu, kamar mai tayin sa.
Tayarta ta kai mini ƙugu.
Sai da na kama ƙarfe na ja jikina sama
kafin na sami kujera.

Na murza makulli.
Ba ta yi tari irin na tsohuwata ba,
gurnani ta yi can ƙasa-ƙasa,
na ji shi a haƙora kafin ya iso kunne.

A hanyar Suame na gane tsawo wani gari ne.
Ina kallon rufin trotro, tsatsa da igiya,
ina kallon cikin faranti a kan 'yan talla,
wa ya sayar, wa bai yi ciniki ba tun safe.
Shekara arba'in ina Kumasi
ban san birnin yana da tsakar ka ba.

Gidan mai ya sauko da ni.
Yaro yana zubawa, ina ƙirga sidi a zuci,
yana zubawa, na daina ƙirga.
Ya ce, Maigida, wannan ba mota ka saya ba,
baƙuwa ka yi mai ci da hannu biyu.

Lungunmu na Aboabo ya ƙi ta ƙememe.
Kwata a hagu, teburin kokon Barikisu a dama,
madubi ya shafi bango ya dawo da fenti.
Yanzu a filin makaranta take kwana,
ni da na sayi ƙafa huɗu
da biyu nake ƙarasawa gida.

Kuma ashe mai bayan mota ba shi da Asabar.
Bulon Salifu, kujerun suna, buhun gawayi,
firjin da ya mutu za a kai shi asibitinsa.
Ran da rafi ya haye gada
na kwashe yara goma sha ɗaya da jakunkunansu,
ruwa yana lasar ƙofa, ita ko a jikinta,
tana tafe kamar saniya a fadama.
Ran nan na yafe mata kuɗin mai.

Amma Baba nake so in faɗa.

Shekara talatin yana dako a Kejetia.
Akwai wuri a kansa, faɗin tafin hannu,
inda gammo ya cinye gashi bai mayar ba.
Na buɗe masa gaba, na kunna sanyi.
Ya leƙa, ya shinshina fatar kujera,
ya ce, Wannan ɗakin manya ne.
Ya zaga baya. Mu biyu muka ɗaga shi.

Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa.
Buhu nawa take ɗauka?
Na ce, Goma na masara, ba ta ko nishi.
Ya yi shiru, leɓensa na motsi.
Sawu goma kenan, in ji shi,
daga tasha zuwa rumfar Maame Dufie.
Da hantsi zuwa la'asar.

Bai ƙara ba. Ya zauna daidai inda buhu ke zama,
ya cire hula don kada iska ta ƙwace.

Na ja ta a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ta Asawase, ta bakin kasuwa,
'yan tasi na danna oda a bayana,
wani ya leƙo yana tambaya ko amarya na ɗauko.
Injin da ke iya tsere da iska
na riƙe shi yana tafiyar tsoho.

A madubi ba na ganin hanya,
sai wannan wurin a tsakar kansa,
rana tana sauka a kai,
ba gammo, ba buhu, ba komai.